Jagora: Yadda ake yi wa sinte mizajur ba tare da asarar sautuka ko na'ura ba

Tun bayan bayanin da na yi kan kare kayan kiɗa daga ƙurar hunturu, tambayar da ta fi zuwa mini daga makaɗan piyano na ƙungiyoyin biki, da masu ƙananan sitidiyo na Bukoki da Talaje da Yantala, da masu kiɗa a majami'u, ita ce ta yadda ake sabunta manhajar da ke cikin sinte, wato na'urar kiɗa mai haɗa sauti da lantarki irin piyanon makaɗa, aikin da mu a nan Yamai muka fi sani da mizajur. Manhajar ciki ita ce ke gaya wa na'ura abin da za ta yi idan an taɓa madanni ko an murɗa maɓalli, kuma kamfanin da ya ƙera ta yakan fitar da sabuwar siga lokaci zuwa lokaci domin gyara kurakurai ko ƙara wasu abubuwa. Zuba manhajar aikin mintuna ne, da wuya ya kai awa guda. Shirin da ke gabansa ne ke cin yini, kuma kusan duk na'urar da aka kawo mini a mace bayan mizajur, a wurin shirin aka yi sakaci. Saboda haka matakai shida na farko a nan duk shiri ne, kuma ina roƙon mai karatu ya bi su a jere.

1. Ka fara tabbatar da cewa kana buƙatarsa

Kowace sabuwar siga tana zuwa da jerin abubuwan da aka canza, a shafin kamfanin, galibi da Turanci ko Faransanci. Ka karanta shi, ko ka nemi wanda zai karanta maka, kafin ka sauko da komai. Wani lokaci abin da ke ciki ya cancanci wahalar. Ƙaramin sinten MicroFreak na kamfanin Arturia, wanda ya fito a 2019, ya samu sababbin injinan sauti uku a siga ta 3 a 2021, sannan siga ta 5 a 2023 ta ba shi damar buga sautukan da aka naɗa daga waje, har wuraren ajiyar sautinsa suka kai 512 daga 256 na farko. Haka ma MODX na Yamaha ya samu na'urar jera kiɗa ta maimaitawa a siga ta 2.0 a 2019. Wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan bai sabunta ba, kamar ya sayi gida ne ya bar ɗakuna biyu a kulle.

Amma sau da yawa jerin bai wuce gyaran wani kuskure da ke faruwa idan an haɗa na'urar da wata manhajar kwamfuta da kai ba ka taɓa buɗewa ba. Idan aikinka shi ne kiɗan biki da salon da ka riga ka tsara, kuma piyanonka bai taɓa ba ka kunya ba, ra'ayina shi ne ka bar shi yadda yake.

Gargaɗi: yawancin kamfanoni ba sa ba da hanyar komawa tsohuwar siga bayan an zuba sabuwa. Sannan fayil ɗin da aka ajiye a kan sabuwar siga yakan ƙi buɗewa a kan na'ura iri ɗaya da ke ɗauke da tsohuwa. Wannan ya shafi duk wanda ke tafiya wurin wasa da kilensa, wato filashin ajiyar fayiloli, kawai ya hau piyanon haya ko na aro, domin za ka iya isa wurin biki a Harobanda ka tarar na'urar da aka tanadar maka ba ta gane ko fayil ɗaya daga cikin naka. Idan ƙungiyarku tana da piyano biyu iri ɗaya, ku sabunta su a mako guda ko ku bar su duka.

Kada kuma a yi mizajur a makon da ake da wasa. Ka zaɓi lokacin da za ka iya rasa na'urar na kwana goma ba tare da ka saɓa wa kowa alkawari ba. Watan azumi, da bukukuwa ke raguwa, ya dace da masu kiɗan biki, in ban da shekarun da ya faɗo a tsakiyar zafi, saboda dalilin da zan kawo a mataki na 6.

2. Ka rubuta cikakken sunan na'urar da sigar da ke cikinta

Sunan yana jikin takardar da aka manna a ƙasa ko a bayan na'ura, tare da lambarta ta musamman. Ka kwafe shi harafi da harafi, domin PSR-S970 daban yake da PSR-S975, kuma minilogue na Korg daban yake da minilogue xd, ko da yake a bakin ƴan kasuwa sunansu ɗaya ne. Lambar sigar kuma tana fitowa a allo lokacin kunnawa a wasu na'urori, a wasu kuwa sai an shiga sashen saituna na gaba ɗaya. Ka ɗauki hoton allon da salula. Amfaninsa biyu ne: wasu kamfanoni suna sharɗanta a bi ta wata siga ta tsakiya kafin a kai ga ta ƙarshe, sannan da wannan hoton ne za ka gane daga baya ko aikin ya shiga.

Ba kowace na'ura ake yi wa wannan aiki ba. Tsofaffi irin DX7 na 1983 manhajarsu tana cikin wani ƙaramin guntu ne da sai an buɗe na'urar an cire shi an sa wani, kuma da yawa daga ƙananan piyanon koyo ba a fitar musu da sabuwar siga ko sau ɗaya ba. Idan shafin kamfanin bai nuna komai a ƙarƙashin sunan na'urarka ba, aikinka ya ƙare a nan.

3. Kayan aiki da abin da za a kashe

Ita manhajar kyauta ce a shafukan Yamaha da Korg da Roland da Arturia da Novation. Duk wanda ya ce ka biya shi kuɗin fayil, abin da bai saya ba yake sayar maka. Ladan aikinsa da lokacinsa kuwa hakkinsa ne, ku daidaita kafin a fara. Kuɗin da za ka kashe a kan abubuwa huɗu ne.

Na farko kile, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira filashi. Kana buƙatar guda biyu, ɗaya na ajiya, ɗaya na mizajur, kuma ƙarami mai giga 4 zuwa 16 ya fi babba amfani a nan, domin yawancin kayan kiɗa tsarin FAT32 suke karantawa, manyan kile kuwa da wani tsari daban suke zuwa, kuma Windows ta saba ƙin mayar da abin da ya wuce giga 32 zuwa FAT32. Kuɗin kowanne ƴan jakkuna ne na sefa a Babbar Kasuwa ko Katako ko Wadata.

Gargaɗi: jabun kile sun yi yawa a kasuwannin yankin nan baki ɗaya. Za a rubuta giga 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin abin da yake ɗauka kaɗan ne, sauran kuma lalacewa yake yi a ɓoye. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika kile da bayanai ta sake karanta su domin ta tona asirinsa. Ka gwada duka biyun da ita kafin ka damƙa musu aikin shekarunka.

Na biyu kebul, ga na'urorin da ake sabuntawa ta kwamfuta. Yawancinsu suna amfani da irin na firinta mai kai murabba'i, gajere ya fi, kuma a soka shi kai tsaye a jikin kwamfuta ba ta cikin marabar nan mai baki huɗu ba. Ƙananan na'urori masu bakin salula suna da tasu matsalar, domin kebul da yawa na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai, sai mutum ya yini yana zargin kwamfuta.

Na uku kuɗin intanet. Wasu fayilolin ba su kai mega ɗaya ba, na manyan piyano kuwa suna iya kai ɗaruruwan mega ko su haura giga, kuma shafin yakan rubuta girman a gefen fayil. Ka duba kafin ka sayi data.

Na huɗu, wanda ya fi tsada, ondila ce, wato akwatin batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke. Ba dole ne ka saya ba. Aron ta yini guda daga mai sitidiyo ko mai shagon buga takardu ya wadatar. Yawancin piyanon da muke amfani da su ba sa jan wutar da ta wuce wat 30, don haka ƙaramar ondila mai lamba 650 ta isa, muddin batirinta na da rai.

4. Ka kwashe duk abin da ke ciki kafin ka taɓa komai

A nan na fi so mai karatu ya daɗe. Abin da ke sa piyanon makaɗin Yamai ya bambanta da wanda aka fitar daga kwali shi ne abin da ya zuba a ciki da hannunsa: bugun kalangu da ganga da ƙwarya da ya naɗa, salon takamba da ya gyara har ya zauna daidai, muryar algaita ko gurumi da ya samo daga wani abokin aiki, da jerin saitunan da yake kira da maɓalli ɗaya idan amarya ta shigo. Wasu mizajur ba sa taɓa waɗannan, wasu kuwa suna mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta, kuma ko wanda ba ya taɓawa, idan ya tsaya a tsakiya, gyaransa yakan haɗa da share komai.

Ka soka kilen ajiya a jikin piyanon, ka bar shi kansa ya share shi ya tsara shi, maimakon kwamfuta, sannan ka yi cikakkiyar ajiya. A piyanon PSR-S da PSR-SX da Genos fayil guda ne mai ƙarewa da .bup. A MODX yana ƙarewa da .X8A, a Montage kuma da .X7A. A jerin Pa na Korg ana ajiye komai a dosiye mai ƙarewa da .SET, akwai kuma cikakkiyar ajiya mai ƙarewa da .BKP, kuma shawarata a yi duka biyun. Ƙananan sinte marasa bakin kile ana kwashe sautukansu ne zuwa kwamfuta ta manhajar kamfanin, kamar MIDI Control Center na Arturia ko Components na Novation.

Gargaɗi ga masu PSR-S: fayil ɗin .bup ba ya ɗauke da ƙarin sautuka da salon da aka zuba ta Yamaha Expansion Manager, kuma a can ne yawancin kalangu da gangunanmu suke. Asalin waɗannan fakitin dole ya kasance a kwamfuta ko a wani kile. Idan wani ne ya zuba maka su shekarun baya kuma ba ka da kwafi, ka nemo shi ka karɓi asalin kafin ka ci gaba.

Wani matashi da ke kiɗa a wata ƙungiyar biki ya taɓa zuwa wurina da sassafe ranar Juma'a, ɗauke da piyanonsa a bayan babur, bayan ya yi mizajur daren Alhamis saboda ya ji an ce sabuwar siga ta fi daɗin sauti. Ya ce mini, "Yaya, ya tashi lafiya lau, amma babu kalangu ko ɗaya a ciki, ga shi gobe muna da aure." Na ce, "Ƙanena, ina ajiyarka?" Sai ya miƙo mini kilen da ya yi mizajur ɗin da shi, wanda ya share domin ya zuba sabon fayil, ajiyar kuwa a cikinsa take. Dalilin da ya sa na ce kile biyu ke nan. Mun kwana muna roƙon sautuka daga abokan sana'a, an yi bikin, amma salon da ya shekara uku yana gyarawa bai dawo ba.

Bayan ajiyar ta kammala, ka kwafe ta zuwa kwamfuta, ka duba cewa girman fayil ɗin ba sifili ba ne, ka sa masa kwanan wata da lambar tsohuwar siga a suna. Ka kuma ajiye salo da saitunan da ka fi ji da su ɗaya bayan ɗaya a wani dosiye daban, domin idan babbar ajiyar ta ƙi komawa gaba ɗaya, ƙananan fayiloli sukan shiga. Daga nan ka zare kilen ajiya ka sa shi a aljihu, kada ya sake kusantar na'urar sai an gama.

5. Sauko da fayil da shirya kilen mizajur

Daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauko da fayil, a ƙarƙashin sunan da ka rubuta a mataki na 2. Fayilolin da ke yawo a zaurukan WhatsApp na makaɗa, ko ake turawa daga salula zuwa salula, ba ka san na wace na'ura ba ne, ba ka kuma san ko sun sauka cikakku ba. Idan intanet ta yanke a tsakiya, ka goge abin da ya sauka ka fara daga farko, sannan ka gwada girmansa da wanda shafin ya rubuta. Cikin dare ko bayan sallar asuba layi ya fi sakewa.

Fayil ɗin yakan zo a ƙunshe cikin zip. Ka warware shi a kwamfuta, za ka tarar da ainihin manhajar tare da takardar bayani. Wannan takarda ita ce shugaba a kan duk abin da na rubuta a nan, domin kowace na'ura da tata hanyar, kuma idan maganata ta saɓa da tata, tata za ka bi. Ka tsara kile na biyu a jikin piyanon kamar yadda ka yi wa na farko, ka dawo da shi kwamfuta, ka kwafa fayil ɗin manhajar shi kaɗai a farfajiyar kilen, wato ba cikin kowane dosiye ba.

Kurakurai uku ne ke maimaituwa a nan: kwafa zip ɗin ba tare da an warware shi ba, binne fayil cikin dosiye inda na'ura ba za ta duba ba, da canza masa suna. Na ukun yana faruwa ko ba da niyya ba, domin idan ka sauko da fayil sau biyu kwamfuta takan liƙa masa lamba a ƙarshen suna, na'urar kuwa ainihin sunan take nema. Ka kuma cire kilen ta hanyar umarnin cirewa na kwamfuta, kada ka fizge shi da zarar ka ga kamar ya gama.

6. Wuta

Lokacin da na'ura ke rubuta sabuwar manhaja, tana share tsohuwar ne tana maye gurbinta, don haka idan kuran ya yanke a wannan tsakanin sai ta rasa duka biyun, ta kasa ko kunnuwa. Duk wanda ke zaune a Yamai ya san yadda wuta take daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kowane gida ya kunna abin sanyaya ɗaki, ya kuma san yadda iskar hadari ke tafiya da ita da damina. Sanyin safiya, ranar da sama take garau, shi ne lokacin da na fi amincewa da shi, kuma ko a lokacin ba na farawa sai da ondila.

Ka yi wa ondilar caji tun daren jiya, sannan ka jarraba ta: ka haɗa piyanon a jikinta, ka kunna shi, ka zare ta daga bango, ka duba agogo. Idan ta riƙe shi rabin awa, ta ci jarrabawa, sai ka mayar da ita caji ta cika kafin a fara. Idan ta yi ƙara ta mutu bayan minti uku, batirinta ya gaji, kuma zafin garin nan yana saurin gajiyar da irin waɗannan batura. Kada ka haɗa lasifika ko amfilifaya ko fanka a jikinta. Mai batirin sola da ya cika da rana shi ma yana da madogara mai kyau. Gurup kuwa, wato janareto, ba na son sa a wannan aiki sai da ondila a tsakani, domin mai yana iya ƙarewa, ƙarfin wutarsa kuma yana hawa da sauka duk lokacin da firiji ya tashi.

Gargaɗi: ka yi amfani da adaftar na'urar ta asali. Wutarmu volt 220 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma kayan gwanjo da yawa suna zuwa da adaftar ƙasar da aka fito da su, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikinta. Dacewar baki ba ta nufin dacewar wuta: PA-150 ta Yamaha volt 12 take bayarwa, PA-300 kuwa 16, sannan adaftar volt 9 ta ƙananan volca na Korg da ta volt 9 ta kayan Boss kan wutarsu a juye yake da juna. Idan bakin adaftar yana rawa a jikin piyano, ka ɗaure kebul ɗin da salatif, ka ajiye na'urar a tebur, ka rufe ƙofa saboda yara.

7. Zuba manhajar

Ka zare duk abin da ba a buƙata: feda, kebul ɗin MIDI (hanyar da kayan kiɗa ke aika wa juna ko kwamfuta saƙo), makirufo da sauran kile. Hanyoyin zubawa huɗu ne, kuma takardar bayani za ta gaya maka wadda ta shafe ka.

Hanyar kile ita ce ta manyan piyano. Ana kashe na'ura, a soka kilen, a danne wani maɓalli ko biyu, a kunna ba tare da an saki ba har sai allon mizajur ya bayyana. A PSR-S da PSR-SX da Genos, maɓallin START/STOP ne na sashen salo. A MODX da Montage, UTILITY ne tare da kibiyar sama. A Pa700 da Pa1000 da ƴan uwansu, INTRO 1 ne, daga nan a zaɓi fayil a allo. Idan na'urar ta kunnu kamar kullum, ba a yi ɓarna ba. Ko dai ka saki maɓallin da wuri, ko ba ta ga fayil ɗin ba, sai ka koma mataki na 5.

Hanyar kwamfuta ita ce ta yawancin ƙananan sinte. Ka yi amfani da kwamfutar tafi-da-gidanka mai cikakken caji, ka hana ta barci, ka rufe duk manhajar haɗa kiɗa kamar FL Studio ko Cubase, domin a Windows idan wata manhaja ta riƙe hanyar MIDI, manhajar mizajur takan kasa ganin na'urar. Kayan Korg suna buƙatar a fara girka direbansu na USB-MIDI a Windows, wato ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar. Components na Novation kuma yana aiki a cikin Chrome, wanda ke nufin ka tabbatar datarka ba za ta ƙare a hanya ba.

Hanya ta uku ta fayil mai ƙarewa da .syx ce, wanda ake turawa da MIDI-OX a Windows ko SysEx Librarian a Mac. Idan ta kebul ɗin MIDI mai fil biyar ake turawa, a shirya haƙuri, domin gudunsa bit 31,250 ne a daƙiƙa, wato mega ɗaya yana cin minti biyar da rabi. Kebul ɗin USB zuwa MIDI masu arha, marasa sunan kamfani, sun yi ƙaurin suna wajen zubar da bayanai a irin wannan dogon saƙo, ko da suna buga nota lafiya. Ka ari akwatin sauti na sitidiyo mai bakin MIDI. Mafitar kwamfuta tana shiga mashigar sinte, wato OUT zuwa IN.

Ta huɗu ta sauti ce, kamar yadda ake yi wa volca: ana kunna fayil ɗin WAV daga salula ko kwamfuta zuwa bakin SYNC IN. Ka sa salular a yanayin jirgin sama, domin kira ɗaya ko ƙarar saƙo ɗaya ta isa ta ɓata aikin, ka kashe duk abin da ke gyara sauti, kuma kada a mayar da fayil ɗin MP3.

Gargaɗi ga dukkan hanyoyin: da zarar an fara, ka ɗauke hannunka. Layin ci gaba yakan tsaya cik na wasu mintuna, allo yana iya yin duhu, na'ura tana iya kashe kanta ta sake kunnuwa fiye da sau ɗaya, duk cikin aikin ne. Kada ka danna komai, kada ka zare kile, kada ka kashe sai allon ya rubuta cewa an gama. Yawan mutanen da suka kashe na'urarsu da hannunsu saboda gajen haƙuri bai gaza na waɗanda wuta ta yanke wa ba, a iya abin da na gani.

8. Bayan an gama

Ka kashe na'urar, ka zare kilen, ka jira kamar daƙiƙa goma, ka kunna. Ka duba lambar siga ka gwada da hoton da ka ɗauka. Idan takardar bayani ta ce a mayar da saituna na masana'anta ko a daidaita allo da maɓallan murɗawa, a yi haka yanzu, kafin a dawo da ajiya. Sinte mai sautin analog a bar shi ya yi ɗumi kamar kwata na awa kafin a daidaita muryarsa.

Sannan ka duba ko kayanka suna nan. Idan suna nan, babu buƙatar dawo da komai. Idan sun tafi, ka fito da kilen ajiya ka mayar da su, fakitin ƙarin sautuka da farko, sauran daga baya, domin salo da saituna suna neman sautukan ne a inda suka san su. Ka zauna ka buga jerin kiɗan wasanka daga farko har ƙarshe ta lasifikar da kake fita da ita, kana sauraron ƙarfin ganguna, da feda, da wurin da aka raba madannai, da daidaiton murya idan kana amfani da sikeli na musamman domin raka molo ko goge. Idan komai ya zauna, ka yi sabuwar ajiya mai ɗauke da lambar sabuwar siga, ka bar tsohuwar a inda take.

9. Idan ya tsaya a hanya

Idan allo ya nuna kuskure, ko ya daskare fiye da awa guda, ko wuta ta yanke duk da shirin da aka yi, ka ɗauki hoton abin da ke allon kafin ka kashe. A na'urori da yawa ɓangaren da ke karɓar mizajur daban yake da wanda ake sharewa, saboda haka ko piyano ya ƙi kunnuwa yadda ya saba, yakan amsa idan aka sake danne maɓallan mataki na 7 aka kunna. Ka sake sauko da fayil ɗin daga farko, ka canza kile ko kebul, ka sake gwadawa sau biyu ko uku. Canza kile kaɗai ya tayar da na'urori da dama da masu su suka riga suka yi musu ta'aziyya.

Idan duk wannan bai yi ba, kada ka bari a kwance ta. Mai gyaran rediyo da talabijin, duk iya ƙwarewarsa da ƙarfen narka dalma, ba zai ga abin da ya lalace ba domin ba waya ce ta tsinke ba, kuma buɗewa tana soke garanti idan akwai. Ka rubuta wa sashen taimako na kamfanin ta shafinsu, da Faransanci ma suna amsawa, ka haɗa da sunan na'ura, lambarta ta musamman, tsohuwar siga, wadda ka yi ƙoƙarin zubawa, da hoton allon. Wani lokaci sukan turo fayil na farfaɗowa ko matakan da ba a rubuta a takardar bayani ba. Idan suka ce sai an kai wa wakilinsu, ka nemi su ba ka sunan wanda ya fi kusa a rubuce, ka tambayi kuɗin aikin da na sufuri kafin ka ɗora na'urar a mota, kuma kilen ajiyarka ya zauna a gida.